Babi na Biyar: Akori-kura Tsakanin Kwalta da Yashi

Akori-kura mota ce mai gida a gaba, inda direba da fasinja ke zama, da buɗaɗɗen bodi a baya don ɗaukar kaya. A kan shasi na ƙarfe mai kauri ake gina ta, ƙafafunta na baya kuma suna kan sifirin mai ganye-ganye, shi ya sa take jure nauyin da zai durƙusar da ƙaramar mota. A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, mai sayen irin wannan mota yawanci aiki uku yake so ta yi masa: ta kai shi wurin aiki ko kasuwa, ta ɗauki iyali ranar biki ko ranar rashin lafiya, ta kuma kwaso amfanin gona. Ayyukan nan uku ba su cika jituwa ba. Abin da ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya yana rage mata daɗin zama, abin da ya ƙara mata ƙarfin ratsa yashi kuma yana ƙara mata shan mai. Don haka kafin a je wurin dillali, tambaya ta farko ita ce wace hanya ce mafi muni da mai motar ba shi da makawa sai ya bi ta, kuma a wane wata.

Kwalta guda ce ta ɗinke gundumomin uku, wato babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram da Diffa. Daga yamma tana shigowa ta Gidan Rumji, ta biyo ta Tibiri, ta gitta bakin Maraɗi, ta wuce Cadawa, ta shiga Agye mai nisan kimanin kilomita 80 gabas da Maraɗi, sannan Gazawa, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 bayan an cire ta daga Agye, kafin ta kai Tasawa. Wanda gidansa da wurin aikinsa duk suke bakin wannan kwalta, mota mai jan ƙafa biyu ta ishe shi. Amma mafi yawan garuruwan yankin ba a bakin kwalta suke ba. Da an sauka, sai burji mai gargada, daga shi sai turbar amalanke da ta ratsa jigawa. A yammaci, Gulbin Maraɗi yana cika da damina, fadamarsa ta yi laka mai kama taya. A gabashi, kwarin Gulbin Kaba da ƙoramu masu sauko masa suna yanke hanya bayan ruwa mai ƙarfi, musamman a watan Agusta. Da rani kuwa, tsakanin Maris da Mayu, yashi yana bushewa ya yi laushi, kuma a lokacin ne mota mai jan ƙafa biyu take tona rami da tayoyinta na baya har ta zauna a kan cikinta.

Nan ne amfanin jan ƙafa huɗu yake. Yawancin akori-kurar da ke yankin suna da ƙaramar giya ta biyu, ko maɓalli a sababbin ƙira, mai matsayi uku: H2 na tafiyar kwalta, H4 na yashi da burji mai santsi, L4 na fita daga laka ko hawan gangaren ƙorama a hankali. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin mota a H4 bayan an hau kwalta. Ƙafafun gaba da na baya a ɗaure suke da juna a wannan matsayi, kuma a busasshiyar kwalta ba su da inda za su zame su huce, sai ƙarafan ciki su riƙa murɗuwa, tayoyi su cinye, daga baya akwatin giyar ya lalace. A cikin yashi mai zurfi, rage iskar taya kaɗan yana shimfiɗa ta, kuma sau da yawa hakan ya fi taka totur amfani, da sharaɗin a mayar da iskar kafin a koma gudu a kwalta. Mota mai jan ƙafa huɗu ta fi tsada wajen saye, ta fi nauyi, tana da ƙarin sassan da ke lalacewa. Malamin makaranta ko jami'in lafiya da aka tura wani ƙauye a Gangara ko Gidan Sori yana bukatar ta. Ɗan kasuwar da zirga-zirgarsa ba ta wuce Tibiri da Maraɗi ba, kuɗin banza zai kashe.

Tambaya ta biyu ita ce ta gida. Mai gida ɗaya tana ɗaukar mutum biyu ko uku a gaba, bodinta kuma ya kai kimanin mita 2.3. Mai gida biyu tana da ƙofa huɗu da wurin mutum biyar, amma bodinta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, har babur ba ya shiga sai an karkata shi ko an bar ƙofar baya a buɗe. Ga mai iyali, gida biyu shi ne daidai, kuma dalilin ya wuce na jin daɗi. An saba ganin mata da yara a bodi ranar biki, wasu a kan buhuna, wasu ƙafafu a waje. Bodi ba shi da ɗamara, ba shi da rufi mai ƙarfi, ba shi da abin riƙewa. Rami ɗaya a gudun kilomita 60 ya isa ya cilla yaro ƙasa, idan kuwa taya ta fashe motar ta kife, na cikin gida suna iya fita da ƙafarsu, na bodi ba a cika samun labari mai daɗi ba. Wanda iyalinsa suka wuce mutum biyar, ya fi masa alheri ya yi sawu biyu, ko ya nemi ƙaramar bas, da ya mai da wurin kaya wurin mutane.

Batun nauyi shi ne inda aka fi zaluntar wannan mota. Yawancin akori-kurar da ke wannan aji an ƙera su ne don ɗaukar abin da bai wuce tan ɗaya ba, kilo 1,000 ko ƙasa da haka, kuma wannan adadi ya haɗa da direba, da fasinja, da duk abin da ke cikin gida. Idan manya biyar suka zauna a gaba, sun cinye kimanin kilo 350. Abin da ya rage bai fi buhu shida na gero mai kilo 100 ba. A ranar kasuwar Cadawa, lokacin kakar aya, ba abin mamaki ba ne a ga an labta wa irin wannan mota buhu goma sha biyar ko fiye, gindinta ya dangana, hancinta ya ɗaga sama. Za ta tafi, kuma wannan tafiyar ce ke yaudarar mutane. Sifirin zai miƙe ya daina lanƙwasa, daga baya ganye ɗaya ya karye. Burkin da aka auna don tan ɗaya ba zai tsai da tan biyu a kan lokaci ba. Tayoyin gaba, da yake nauyi ya bar su, sukan daina kama ƙasa sosai, sitiyari ya yi sako-sako. A ƙarshe shasi yakan tsage a tsakanin gida da bodi, kuma shasin da aka yi wa walda ba ya komawa yadda yake. Ƙara ganyen sifirin, wanda maƙera da makanikai ke yi, yana hana gindin motar dangana, amma bai ƙara wa burki ko aksul ko taya ƙarfi ba. Kaya mai nauyi a jera shi can gaba, jikin gida, mara nauyi ya zo baya. Idan awaki ne ko tumaki za a kai kasuwa, a zuba yashi ko ƙaiƙayi a ƙasan bodi don kada kofato ya zame, a kuma yi shinge mai tsawo. Wanda aikinsa na kullum shi ne kwasar aya, riɗi, wake ko gyaɗa da tan-tan, ba akori-kura yake bukata ba, ƙaramar babbar mota yake bukata.

Irin motocin da ke kasuwa ba su da yawa. Dattawa suna tuna Peugeot 404 da 504 masu tamfol a baya, waɗanda suka riƙe kasuwannin ƙauye shekara da shekaru, musamman bayan da kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kayan gyara suka wadata ta Kano da Katsina. Har yanzu akan ga tsirarunsu suna aiki. Yau Toyota Hilux ce ta mamaye. Tun 1968 ake ƙera ta, kuma waɗanda ke shigowa Afirka ta Yamma yawanci ƙirar Tailan ne ko Afirka ta Kudu, wasu ta hannun 'yan kasuwar Dubai. Samfurin da ya fito tsakanin 2004 da 2015, wanda ake kira Vigo, shi ne ya fi yawa a hannun masu zaman kansu. Akwai Mitsubishi L200, da Isuzu D-Max, da Nissan, da Ford Ranger, sannan ga motocin Sin masu sauƙin farashi da ke ƙara shigowa. Land Cruiser 79 kuwa wani aji ne daban. Ita ce motar Agadas da Sahara, kuma 'yan uwanta ne suka yi suna a yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda har ake kira Yaƙin Toyota. Injinta na 1HZ mai silinda shida, mai girman lita 4.2, yana da wuyar mutuwa, amma tsadarta da shan manta da tsalle-tsallenta idan ba kaya sun fi ƙarfin bukatar mai iyali a Gazawa.

Abin da ya ɗaga darajar Hilux a wannan yanki shi ne yawanta. L200 ko D-Max mai lafiya ba ta gaza ta a aiki ba, kuma sau da yawa ta fi ta sauƙin kuɗi. Bambancin yana fitowa ranar da wani abu ya lalace. Kayan Hilux, sabo da na hannu, ana samun su a Maraɗi a yini guda, in an rasa a aika Katsina ko Kano ta Ɗan Isa da Jibiya. Makanikin Agye ya kwance irin injinta sau da yawa, ya san kukanta. Motar da ba a saba da ita ba tana iya shafe wata guda a garaji tana jiran ƙarfen da bai kai tafin hannu ba. Hikima ce mai saye ya fara zagaya garajojin garinsu da shagunan kayan gyara, ya ga abin da ke rataye a bango, kafin ya yanke shawarar irin motar da zai nema.

Zaɓi tsakanin fetur da gazuwal, wato dizal, yana bukatar alƙalami da takarda. A ƙasashe da yawa gazuwal ya fi araha, amma a Nijar ba haka ba ne. Lokacin da gwamnati ta rage farashin mai a Yulin 2024, litar fetur ta koma sefa 499, ta gazuwal kuma 618. Hilux mai gazuwal tana shan kimanin lita 9 a kilomita 100, mai fetur mai injin lita 2.7 kuma kimanin lita 12. A wannan farashi, ta farko za ta ci kusan sefa 5,600, ta biyu kusan 6,000. Ratar ba ta taka kara ta karya ba, kuma gyara ɗaya na famfon gazuwal yana iya cinye ribar shekara. Inda gazuwal ya yi fice shi ne ƙarfin ja a ƙaramin gudu, cikin yashi da kaya a baya. Mai fetur kuma ta fi sauƙin gyara, ta fi haƙuri da mai mara kyau.

Ingancin man ma abin dubawa ne. Matatar SORAZ ta Damagaram, da ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ita ke ciyar da gidajen man ƙasar ta hannun kamfanin SONIDEP. Amma shekaru da dama yankin kan iyaka ya dogara da man Najeriya na sumoga, wanda ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin hanya, ana ce masa ruwa-ruwa. Bayan da Najeriya ta janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, arahar ta kau, jama'a suka koma gidajen mai, kuma a farkon 2025 an sha dogayen layuka a faɗin ƙasar. Man jarka yana zuwa da ƙura, wani lokaci da ruwa. Tsofaffin injunan gazuwal na Toyota, irin su 3L da 5L, masu famfo na gargajiya, suna iya haɗiye wannan su wuce. Sababbi, daga 2KD da 1KD zuwa 2GD da 1GD, suna fesa mai da matsi mai tsanani ta nozul masu ƙananan ƙofofi da kwamfuta ke sarrafawa. Ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi tana kashe su, kuma gyaransu sai da na'ura. Sun fi ƙarfi, sun fi tattalin mai, amma suna neman mai tsabtatacce da canjin filta a kan kari. Motocin gazuwal da aka yi don Turai a 'yan shekarun nan sun fi kowanne saurin laulayi, domin suna da matatar hayaƙi a salansa, wasu har da tankin wani ruwa na musamman mai suna AdBlue. Idan matatar ta toshe, kwamfutar motar tana rage mata ƙarfi, kuma masu iya warware wannan ba su da yawa a wajen manyan birane.

Sabuwar mota fil daga wakilin kamfani a Yamai ta fi ƙarfin yawancin mutane, don haka kasuwar ta hannu ce. Da can tashar jiragen ruwan Kwatano ce babbar ƙofa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya, kan iyakar Nijar da Binin ta rufe, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, farashi ya tashi. Wata kafar ita ce motocin ƙungiyoyi da ayyukan raya karkara. Agye ta daɗe da irin waɗannan ayyuka, musamman na asusun raya aikin gona na FIDA, Gidan Rumji kuma ta cika da motocin ƙungiyoyin agaji tun 2019, lokacin da dubban 'yan gudun hijira suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina. Motar ƙungiya idan an yi gwanjonta takan zo da tarihin gyara a rubuce, wanda babban abu ne, sai dai ta sha daji, kuma da yawansu an shigo da su ne ba tare da biyan kuɗin duwan, wato na kwastan, ba. Wanda ya saya, a wuyansa biyan yake kafin a ba shi takardu da sunansa.

Duba mota aikin safiya ne, kafin kowa ya tayar da ita, kuma da makanikin mai saye ake zuwa, ba wanda dillali ya kawo ba. Dillali zai ce, "Alhaji, wannan ba ta taɓa shiga daji ba," amsar tana ƙarƙashin motar. A kwanta a duba shasi daga gaba zuwa baya, a nemi walda, da tsatsa a motocin Turai inda ake watsa gishiri a hanya lokacin sanyi, da sabon baƙin fenti da aka shafa a wuri ɗaya. A buɗe murfin baƙin mai: idan an ga kumfa mai launin madara, ruwa ya haɗu da mai. A tayar da injin a tsaya a baya. Baƙin hayaƙi mai yawa na nuna matsalar nozul ko filtar iska, shuɗi na nuna injin yana cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Lambar kilomita da ke gaban direba ba shaida ba ce, domin mayar da ita baya ba wuya. Sulɓin sitiyari, da cinyewar robar kuloci, da lotsawar kujera sun fi ta gaskiya. Sannan a fita da ita kwalta, a taka burki a ga ko tana ja gefe, a sauka yashi a gwada H4 da L4 duka. A tambayi ranar da aka canja bel ɗin cikin injin, domin a injunan L da KD idan ya tsinke yana tafiya da kan injin gaba ɗaya. Idan ba wanda ya sani, a sa kuɗin canjinsa cikin farashi. Motar da sitiyarinta ke dama a bar ta, ko da ta yi araha, saboda a Nijar hannun dama ake bi, kuma direbanta ba ya ganin gaba idan zai wuce tirela.

Takardu sun fi injin muhimmanci. Lambar da aka buga a jikin shasi dole ta yi daidai da ta katin mota harafi da harafi, kuma a ga takardar duwan ta asali. Yankin kan iyaka ne, motar sata tana tsallakowa ta kowane ɓangare, kuma wanda aka kama da ita a shingen jandarma ya rasa mota ya rasa kuɗi, wataƙila har da 'yancinsa. Bayan saye akwai inshora, da harajin shekara, da binciken lafiyar mota, kowanne da lokacinsa. Akwai kuma abin da mazauna kudancin Gidan Rumji suka sani sarai: a wuraren da 'yan bindiga ke satar mutane don kuɗin fansa, sabuwar mota mai ƙyalli tana nuna gidan da ke da abin hannu. Tsohuwa mai lafiya, wadda ba ta jan ido, ta fi kwanciyar hankali, tafiyar dare a turbobin kan iyaka kuma abin gudu ce ko da wace irin mota.

Riƙon mota a wannan ƙasa yaƙi ne da ƙura da zafi. A lokacin hunturu filtar iska tana cika cikin 'yan kwanaki, sai a riƙa fitar da ita ana kaɗewa, a canja ta da wuri. A bazara, da zafi ke haura digiri 40, lagireto ne ke ɗauke da ran injin, kuma ruwan rijiya yana tara masa gishiri ya toshe shi a hankali. Ƙaya ma tana da nata rabon. Manoman Agye, musamman wajen Ɗan Saga, sun yi suna wajen raya itatuwan da ke tsirowa da kansu a gonaki, abin da ya dawo wa ƙasar da gawo da aduwa da magarya, kuma turbobin gona cike suke da ƙayarsu. Taya mai kauri ta ɗaukar kaya, da safaya mai iska, da jak, da katakon ɗora jak a yashi, da shebur, da famfon iska, bai kamata a fita babu su ba.

Akwai kuɗin da ba ya shiga lissafin kowa, alhali shi ne ya fi tabbata. Wanda ya mallaki akori-kura a ƙauye ya zama motar asibitin unguwa. Za a buga masa ƙofa da tsakar dare saboda mai naƙuda, za a neme shi ranar jana'iza da ranar kai amarya, kuma yawanci ba zai iya karɓar ko kuɗin mai ba. Alheri ne mai lada, kuma a wurin da asibitin gunduma ke da nisa yana ceton rai, amma mai saye ya sa shi cikin lissafinsa tun farko don kada ya zo yana yi da ƙunci.

Ga mai zuwa aiki kullum, lissafin ya fi tsauri. Daga Agye zuwa Maraɗi da dawowa kimanin kilomita 160 ne, wato kusan lita 15 ta gazuwal, abin da ya tasam ma sefa dubu tara a rana a farashin 2024, ban da taya da baƙin mai. Albashin ma'aikaci kaɗan ne zai ɗauki wannan. Wanda kayansa ba su wuce na kaka da na 'yan ranakun kasuwa ba, babur ko ƙaramar mota don zirga-zirga, da hayar mota ko amalanken shanu ranar kwasar amfani, sun fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda kuwa gidansa ke nesa da kwalta, yake da iyali, kuma kaya ke bin sa kowane mako, abin da ya fi dacewa da shi shi ne mai gida biyu, mai jan ƙafa huɗu, mai injin da makanikin garinsu ya sani, da takardun duwan cikakku. Kada ya zuba duk abin da ya tara a farashin saye. Ya ware wani kaso don tayoyi, bel, filtoci da gyaran watannin farko, domin motar hannu ba ta taɓa zuwa ba tare da su ba.